Haraji da Tanadin Gobe ga Ɗalibin da Ya Fara Sana'ar Kansa

1.0 Gabatarwa

A shekarun baya, ɗalibin da ya kammala kwalejin ilimi yakan fita da kyakkyawan zaton cewa aikin koyarwa na gwamnati yana jiran sa. A yau al'amarin ya sauya. Da yawa daga cikin masu riƙe da takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE, sukan ɗauki lokaci kafin su sami gurbi, wasu kuwa tun suna shekarar farko suke haɗa karatu da neman na kansu. Duk wanda ya zagaya garin Dutse, ko ya leƙa kasuwar Shuwarin ko ta Sara ranar da suke ci, zai tarar da ɗalibai da waɗanda suka gama karatu suna ɗinki, ko gyaran waya, ko buga takardu da kwamfuta, ko sana'ar POS, ko sarin dabino da riɗi da zoɓo.

Tsakanin mai albashi da mai sana'ar kansa akwai wani bambanci da ba kasafai ake lura da shi ba. Ma'aikaci ana cire masa haraji da kuɗin fansho tun kafin albashinsa ya shiga hannunsa. Mai sana'ar kansa kuwa, shi ne maigida, shi ne yaro, shi ne kuma akawu. In bai yi lissafi ba, babu mai yi masa. In bai yi tanadin tsufa da na ciwo ba, babu ofishin da zai yi a madadinsa. Wannan babi zai yi bayani a kan waɗannan nauye-nauye biyu kamar yadda suka shafi mazaunin Jihar Jigawa.

A ƙarshen babin, ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar haraji da bambancinsa da zakka;
(b) kawo taƙaitaccen tarihin haraji a ƙasar Hausa;
(c) lissafa harajin da ya hau kan mai ƙaramar sana'a;
(d) fayyace hanyoyin tanadin fansho da inshorar lafiya.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar haraji ta samo asali ne daga Larabci, inda take nufin abin da ake karɓa a kan ƙasar noma. A Hausar yau ma'anarta ta faɗaɗa, ta ƙunshi duk wani kuɗi da doka ta wajabta wa mutum ko kamfani ya biya gwamnati domin gudanar da ayyukan jama'a, kamar makarantu da asibitoci da hanyoyi. Kalmomin fansho da inshora da garatuti kuwa daga Ingilishi aka aro su, sai aka daidaita su da tsarin gaɓar Hausa.

Abin da ake nufi da tanadin gobe a wannan babi shi ne gudummawar da mutum yake zubawa a wani asusu da hukuma ta amince da shi, domin a tallafe shi idan tsufa ya zo, ko ciwo ya kama shi, ko ya yi hatsari a bakin aiki.

Akwai kuma kalmomi uku na kasuwanci da ya wajaba a rarrabe su. Jari, ko uwar kuɗi, shi ne abin da aka zuba aka kafa sana'a. Ciniki shi ne dukkan kuɗin da suka shigo daga sayar da kaya ko yin aiki. Riba ita ce abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin da aka kashe wajen samo cinikin. Harajin kuɗin shiga a kan riba yake hawa, ba a kan jari ko ciniki ba.

Haka kuma, haraji daban, zakka daban. Zakka ibada ce da ke kan Musulmin da dukiyarsa ta kai nisabi, ta kuma shekara, inda yake fitar da kashi 2.5 cikin 100 na kuɗi da kayan ciniki, a ba wa rukunonin mutane takwas da shari'a ta ayyana. Haraji kuwa doka ce ta ƙasa da ta hau kan kowa. Fitar da ɗaya ba ya ɗauke wa mutum ɗayan.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Haraji a Ƙasar Hausa

Haraji ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa sarakuna suna karɓar kuɗin ƙasa daga magidanta, da kuɗin shuka a kan wasu amfanin gona, da kuɗin karofi daga marina. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ne ya fara karɓar jangali a hannun Fulani makiyaya. Daga baya Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lasafta jangali da wasu kuɗaɗen da sarakuna ke ɗora wa talakawa a cikin abubuwan da suka saɓa wa shari'a.

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai Gwamna Lugga ya tattara waɗannan kuɗaɗe wuri guda ta hanyar dokar kuɗin shiga ta 1906. Aka ɗora wa hakimai da dagatai da masu unguwanni nauyin tattarawa, aka kuma kafa baitulmali a masarautu. A wancan zamani ƙasar Dutse tana ƙarƙashin En'e ta Kano. Irin wannan haraji a kan kowane baligi ake yanka shi, ko ya samu ko bai samu ba, abin da ya sa talakawa suka ƙi jinin sa, har wasu sukan yi ƙaura don guje masa. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda daga cikinta ne aka cire Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991.

Wannan tarihi ne ya sa har yau wasu dattawa suke ganin an riga an kashe haraji. Abin da aka soke shi ne harajin kai. Harajin kuɗin shiga, wanda ake yankawa gwargwadon samun mutum, yana nan bai gushe ba.

4.0 Dokar Haraji a Yau

Daga 1993 zuwa ƙarshen 2025, dokar harajin kuɗin shigar ɗaiɗaikun mutane ta 1993 ce take aiki, tare da gyaran da aka yi mata a 2011. Bayan wannan gyara haraji yakan fara daga kashi 7 cikin 100 ya tsaya a kashi 24. Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, sabon tsarin lissafin kuwa ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Hukumar tattara haraji ta tarayya, wadda aka sani da FIRS, ta koma NRS.

Sai dai mai sana'ar kansa da ke zaune a Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu ko Jahun, ba hukumar tarayya yake biya ba. Harajin kuɗin shigar mutum na jihar da yake zaune ne, don haka Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Jigawa ce take da alhakin karɓa.

Sabuwar dokar ta kasa kuɗin shigar shekara hawa-hawa kamar haka:

(i) naira 800,000 na farko: babu haraji;
(ii) naira 2,200,000 da ke biye: kashi 15 cikin 100;
(iii) naira 9,000,000 da ke biye: kashi 18;
(iv) naira 13,000,000 da ke biye: kashi 21;
(v) naira 25,000,000 da ke biye: kashi 23;
(vi) abin da ya haura naira 50,000,000: kashi 25.

Abin lura a nan shi ne, kowane kaso a kan hawansa kaɗai yake aiki. Wanda ya sami naira 900,000 ba a kan dukkan kuɗin za a yanka masa kashi 15 ba, sai a kan naira 100,000 da ta ɗara. Haka nan dokar ba ta ware ɗalibi ba. Ba katin makaranta take dubawa ba, yawan samu take dubawa.

Ba kowane kuɗin da ya shiga asusun banki ne kuɗin shiga ba. Abin da iyaye suka aiko don abinci ko kuɗin makaranta kyauta ce. Rancen da aka karɓa don jari bashi ne. Kuɗin da mai POS yake juyawa na jama'a ba nasa ba ne. Ladan da yake karɓa shi ne cinikinsa. Wannan ne ya sa yana da kyau a buɗe wa sana'a asusunta daban, domin idan kuɗaɗen suka cakuɗe, rarrabe su a gaban jami'in haraji yakan yi wuya.

5.0 Yadda Ake Lissafi

Lissafin yana bin matakai uku. Da farko a tara cinikin shekara, daga Janairu zuwa Disamba. Na biyu, a cire kuɗin da aka kashe kacokan domin sana'ar, kamar kayan da aka saro, da hayar shago, da man janareta, da ladan yaran shago, da kuɗin mota na ɗauko kaya. Cefanen gida da ɗinkin salla da gudummawar biki ba sa cikin wannan. Manyan kayan aiki masu daɗewa, irin su keken ɗinki da kwamfuta da janareta, ba a cire kuɗinsu a tashi ɗaya, ana rarraba shi ne a kan wasu shekaru. Na uku, a cire rangwamen da doka ta yarda da shi, wanda ya haɗa da gudummawar fansho, da ta inshorar lafiya ta ƙasa, da ta asusun gidaje na ƙasa, da kuma kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gidan zama, matuƙar rangwamen hayar bai wuce naira 500,000 ba. Abin da ya rage shi ake ɗorawa a kan hawa-hawan da aka ambata.

Misali na ɗaya: A ɗauka wata ɗaliba tana ɗinki a gida a lokacin hutu da ƙarshen mako. Cinikinta na shekara naira 1,500,000 ne, ta kashe naira 850,000 a kan yadi da zare da gyaran keke da wuta. Ribarta ta zama naira 650,000. Tun da ba ta kai naira 800,000 ba, babu harajin kuɗin shiga a kanta.

Misali na biyu: A ɗauka wani da ya gama karatu ya buɗe shagon buga takardu kusa da wata babbar makaranta a Dutse. Cinikinsa naira 4,800,000 ne, ya kashe naira 2,600,000, ribarsa ta tsaya a naira 2,200,000. Ya zuba naira 120,000 a asusun fansho, ya kuma biya hayar gidan zama naira 300,000, wadda rangwamenta ya kama naira 60,000. Idan aka cire waɗannan biyu, saura naira 2,020,000. A fitar da naira 800,000 da ba ta da haraji, saura naira 1,220,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne naira 183,000 a shekara, kwatankwacin naira 15,250 a wata. Da bai nemi rangwamen ba, da naira 210,000 zai biya. Ke nan adana rasit biyu ya rage masa naira 27,000.

Misali na uku: A ɗauka wani yana sarin dabino, ya ci ribar naira 500,000, yana kuma koyar da yara darasi da yamma, ya sami naira 600,000. Kowace sana'a ita kaɗai ba ta kai iyaka ba, amma doka haɗa su take yi, su zama naira 1,100,000. Harajinsa shi ne kashi 15 na naira 300,000, wato naira 45,000. Rangwamen naira 800,000 na mutum ne, ba na kowace sana'a ba.

Idan mutum ba shi da rubutaccen lissafi, doka ta ba hukuma damar yanka masa haraji bisa ƙiyasi, ta la'akari da irin sana'arsa da girmanta. Ƙiyasi kuwa yana iya zarce gaskiyar abin da aka samu. Saboda haka littafi ɗaya mai shafin shiga da shafin fita, wanda ake cikawa kullum da dare, shi ne babban mai kare ƙaramin ɗan kasuwa.

6.0 Rajista da Sauran Wajibai

Wajibi na farko shi ne mallakar lambar shaidar mai biyan haraji. A sabon tsarin, lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ita ce tushen wannan lamba ga ɗaiɗaikun mutane. Ana buƙatar ta wajen mu'amalar kasuwanci da bankuna da kuma neman kwangilar gwamnati.

Na biyu shi ne rajistar sunan sana'a. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi cewa wanda yake ciniki da wani suna da ba sunansa na yanka ba, ya yi wa sunan rajista a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. A 2024 an umarci masu sana'ar POS su ma su yi wannan rajista. Rajistar suna ba ta mai da sana'a kamfani. Mai ita yana nan a matsayin mutum ɗaya, jiha yake biya. Rajistar hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, SMEDAN, tana taimakawa wajen neman horo da tallafi, amma ba ta maye gurbin ta CAC.

Na uku shi ne bayyana kuɗin shigar shekarar da ta gabata, ba tare da an wuce ranar 31 ga Maris ba. Ko da lissafi ya nuna babu abin biya, cike fom ɗin yana da amfani, domin da shi ake samun takardar shaidar biyan haraji, wadda ta ƙunshi shekaru uku da suka wuce. Akan nemi wannan takarda wajen neman kwangila da takardar mallakar fili da tsayawa takara. Dokar gudanar da haraji ta 2025 ta sa tarar naira 50,000 a watan farko ga wanda ya ƙi yin rajista, da naira 100,000 a watan farko ga wanda ya ƙi bayyana kuɗin shigarsa, sannan tarar tana ci gaba da hauhawa kowane wata. A nan za a ga cewa tara tana iya fin harajin kansa nauyi.

Mai biyan haraji shi ma yana da haƙƙi. Idan aka yanka masa abin da yake ganin ya yi yawa, yana da kwana 30 ya shigar da ƙorafi a rubuce, tare da hujjojinsa. In bai gamsu ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, sannan dokokin 2025 sun kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji.

7.0 Sauran Kuɗaɗen da Mai Sana'a Kan Ci Karo da Su

Tsarin mulkin 1999 da dokar rarraba haraji ta 1998 sun bar wa ƙananan hukumomi kuɗin shaguna da rumfuna, da na kasuwa, da na tashar mota, da na allon talla. Waɗannan ba su da alaƙa da yawan riba, don haka wanda bai kai naira 800,000 ba ma yana biyan su. Dokar 1998 ta kuma haramta datse hanya domin karɓar haraji. Abin da ya kamata shi ne a nemi rasit na hukuma a kan duk abin da aka biya.

Harajin kayayyaki, wato VAT, kashi 7.5 cikin 100 ne tun daga 2020. Mai saye ne yake biyan sa a cikin farashi, an kuma ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa nauyin tattara shi. Akwai kuma kuɗin kan-sarki na naira 50 a kan tura kuɗin da suka kai naira 10,000 ta banki.

Wanda ya kai wa wata ma'aikata ko babban kamfani kaya, zai iya tarar da an riƙe wani kaso na kuɗinsa tun daga tushe. Wannan ba asara ba ce. Somin-taɓi ne na harajinsa, za a cire masa shi a lissafin ƙarshen shekara idan ya karɓi takardar shaida. Wanda ba shi da lambar haraji kuwa, ninka masa kason ake yi.

8.0 Tanadin Gobe

Al'ummar Hausawa tana da nata hanyoyin rufa wa juna asiri. Gandu yana ɗauke da tsoho da maraya, gayya tana agaza wa manomin da ciwo ya kwantar, adashi yana tara wa mata da 'yan kasuwa jari, zumunci kuma yana tashi idan gobara ta auku. Waɗannan suna nan da amfaninsu, amma watsewar gandu da tsadar magani sun rage musu ƙarfi. Adashi kuwa ba a kan doka ya dogara ba, a kan amanar uwar adashi ya dogara.

8.1 Fansho

Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda ta 2014 ta maye gurbinta, ta kafa tsarin karo-karo inda, tun daga 2014, ma'aikaci yake zuba kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10, a ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Jihar Jigawa tana da nata tsarin tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, inda ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma yake zuba kashi 8, gwamnati ta zuba kashi 17. Malamin gwamnati yana ciki. Mai sana'ar kansa ba ya ciki.

Domin cike wannan giɓi ne aka ƙaddamar da shirin ƙaramin fansho a watan Maris na 2019, wanda aka sake wa suna da fasali a 2025 ya zama shirin fansho na ƙashin kai. Shiga shirin ganin dama ne. Mutum zai zaɓi kamfanin kula da fansho mai lasisi, ya buɗe asusu da sunansa, ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Ana raba abin da ya zuba gida biyu: ɗaya yana iya taɓawa idan larura ta taso, ɗayan kuma yana nan sai ya kai shekara 50 ko rashin lafiya ta hana shi aiki. Ga masu gudun kuɗin ruwa, tun 2021 hukumar ta fito da asusun da ba ya mu'amala da ruwa, sai mai shiga ya tambayi kamfanin tun kafin ya sa hannu. Wanda ya fara ajiye naira 5,000 a wata yana da shekara 22, kafin ya kai 50 ya tara naira 1,680,000, ban da ribar da juya kuɗin ya haifar. Da yayyafi kogi kan cika.

8.2 Inshorar Lafiya

An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, shirin ya fara aiki a 2005. Sabuwar dokar 2022 ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Ɗaliban manyan makarantu suna da shirinsu mai suna TISHIP, wanda galibi akan biya tare da kuɗin rajistar makaranta. Abin da ɗalibi ya kamata ya sani shi ne, wannan kariya tana ƙarewa da ƙarewar karatunsa. Daga nan sai ya shiga shirin GIFSHIP na tarayya, ko ya yi rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Jigawa, wato JICHMA, a rukunin masu zaman kansu. Ga ƙaramin ɗan kasuwa wannan ya fi komai gaggawa, domin kwanciyar asibiti guda tana iya cinye jarin da aka yi shekara biyu ana tarawa.

8.3 Idan Sana'a Ta Bunƙasa

Ranar da mai sana'a ya ɗauki ma'aikaci, sabon nauyi ya hau kansa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun NSITF, domin diyyar wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Haka kuma shi ne zai riƙa cire harajin ma'aikacin da albashinsa ya kai a cire, ya miƙa wa jiha.

Wanda ya karɓi rancen karatu daga asusun NELFUND, wanda dokar 2024 ta tanada, shi ma ya sa wannan a lissafinsa. Rancen ba shi da ruwa, amma bashi ne, kuma idan lokacin biya ya yi, mai sana'ar kansa kashi 10 cikin 100 na ribarsa ta wata zai riƙa mayarwa.

9.0 Abin da Ya Shafi Malami

Akwai wata ƙa'ida da ta shafi ɗalibi malami kai tsaye. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa, in ban da noma. Saboda haka wanda ya kafa shago yana ɗalibi, daga baya ya sami aikin koyarwa na gwamnati, ya kamata ya tsara tun da wuri wanda zai miƙa wa ragamar gudanar da shagon.

Bayan wannan, malamin Hausa yana iya cin moriyar wannan batu a aji. Yana iya sa ɗalibai su tattaro keɓaɓɓun kalmomin ciniki daga kasuwar garinsu, su rarrabe na asali da na aro. Yana iya ba su aikin rubuta wasiƙar ƙorafi zuwa ga hukumar haraji, ko fassara fom daga Ingilishi zuwa Hausa, ko shirya muhawara a kan adashi da fansho. A ƙauyuka da dama malami ne ake kai wa takarda ya karanta, don haka saninsa ko rashin saninsa ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa harajin kai da aka soke a 1979 daban yake da harajin kuɗin shiga na yau, wanda a kan riba yake hawa, kuma sai abin ya haura naira 800,000 a shekara. An ga cewa yawancin ɗalibai masu ƙaramar sana'a ba za su biya wannan haraji ba, amma rajista da rubuta lissafi da bayyana kuɗin shiga suna kansu. An kuma nuna cewa fansho da inshorar lafiya, waɗanda ake cire wa mai albashi ko yana so ko ba ya so, mai sana'ar kansa sai ya tashi ya nema da ƙafarsa. Tun da dokokin kuɗi sukan sauya, ya dace a riƙa tuntuɓar ofishin hukumar a farkon kowace shekara. Hausawa sun ce, tun ran gini, ran zane.

11.0 Jinga

1. Bambanta tsakanin jari da ciniki da riba, tare da misali daga wata sana'a ta garinku.
2. Kawo bambance-bambance uku tsakanin haraji da zakka.
3. Wani tela ya yi cinikin naira 3,000,000, ya kashe naira 1,700,000, ya zuba naira 100,000 a asusun fansho. Nawa ne harajinsa na shekara?
4. Yi bayanin matsayin gandu da gayya da adashi a tanadin goben Bahaushe, sannan ka nuna inda suka gaza.
5. Rubuta wasiƙar da ba ta wuce kalma 200 ba zuwa ga hukumar tattara kuɗaɗen shiga, kana ƙorafi a kan ƙiyasin da aka yi wa shagonka.